Takardar Zaɓen Aji Tana Hannuna

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Shinkafi, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Gwaggonki Asabe mai riƙonki yanzu da maigidanta da duk mutanen gida nan Zurmi. Mu ma lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarki na gaishe ki, ƙannenki Rabi da Saratu ma haka. Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Lahadi, ya kai ki Kaura lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar kwana.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Shekararki goma sha biyar ban taɓa zama na yi miki magana mai tsawo ba. Ke ce 'yar fari, ga sunan mahaifiyata a kanki, kunya biyu ke nan. Tun da aka yaye ki aka kai ki Gurbin Bore wurin Inna, kika tashi kina ce mini Yaya, ni kuwa in na zo sai in ce da Inna, "Yarinyar ga lahiya take?" alhali ga ki zaune gabana kina tsince wake. Haka muka tarar ana yi, ban ce laifi ba ne. Amma akwai maganar da ba ta aikuwa. In an ba wani ya kai, rabinta ke isa. Shi ya sa yau na rufe shago, na zauna kan benci na ɗauki biro. In kin ga kuskuren rubutu ki wuce shi, karatuna aji huɗu ya tsaya.

Takardar shigarki babbar sakandare ta zo da wata ƙarama mai gida uku: sayans, da at, da komas. Sayans na masu son likita da nas, at na masu son koyarwa da shari'a, komas na masu son ofis da banki. Ɗaliba za ta zaɓi gida ɗaya, uba ya sa hannu a ƙasa, a mayar cikin mako biyu da buɗe makaranta. An ce in aji ya yi nisa ba a sauyawa, da shi za ki shiga jarabawar ƙarshe bayan shekara uku. Tun ranar da takardar ta zo take aljihun rigata. Jiya na auna katako sau uku, na yanke shi ba daidai ba.

Bari in gaya miki yadda na zaɓi nawa.

A zamaninmu ba takarda. Ƙarshen aji uku mataimakin shugaban makaranta ya tara mu ƙarƙashin dogon yaro, ya ja layi huɗu a ƙasa da sandarsa, don mu muna da na huɗu, na zane da aikin katako da ƙarfe. Ya ce kowa ya tsaya inda yake so. Ni na san inda nake so. Malamin zane ya taɓa ɗaga takardata ya nuna wa aji. Na ɗaga ƙafa na nufi layi na huɗu, sai abokina Lawwali ya riƙe mini hannun riga.

"Kai Bello, ina za ka?"

Na nuna da baki.

"Can? Layin masu gyaran benci? Taho nan, mu ne likitoci. Har farar riga za a ba mu."

Yara suka yi dariya. Dariyar nan ba ta kai minti ɗaya ba, amma ita ta juya ni. Na tsaya bayan Lawwali, aka rubuta sunana, aka watse aka tafi cin abinci. Yau ga ni ina gyaran benci, sai dai babu takarda. Ɗaya daga cikin yaran da suka tsaya a layi na huɗu yana Gusau yanzu, shi ke zuwa ya duba aikina ya ce ya yi ko bai yi ba. Lawwali bai cuce ni ba. Layinsa ne, kansa na ɗaukar lissafi, yana da wa da ke koya masa lokacin hutu, ya kuma ci jarabawarsa. Ni ne na tsaya a layin wani.

Don haka ki kula da ƙawaye. Gwaggonki ta ce mini ke da Hauwa'u 'yar maƙwabta ba ku rabuwa, kuma tare za ku. Na ji daɗi, kin samu wadda za ku raba sabulu da ita. Ku kwana ɗaki ɗaya, ku ci kwano ɗaya, amma ranar zaɓen aji kada ki dubi inda ta sa biro. In an yi miki dariya, ki daure. Dariya na ƙarewa kafin a buga ƙararrawa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan. Malaminmu na fizis ɗan Gana ne, mutumin kirki. Zango ɗaya ya yi da mu, gwamnati ta ce baƙi su koma ƙasashensu, ya tafi. Daga nan monita ke kwafar littafi a allo, mu kuma mu kwafa daga allo. Littafina ya cika tsaf da rubutu mai kyau, ban san abin da ke ciki ba. Zango biyu na farko da ma ana iya sauya aji, wasu yara biyu sun je ofis sun yi kuka an sauya musu. Ni kunya ta hana ni. Na ga kamar in na ce ban gane ba, kowa zai ce ga daƙiƙi. Na yi ta gyaɗa kai a aji har lokacin ya wuce.

Da ruwan shuka ya sauka na zo gida hutun tsakiyar zango, ban koma ba. Kakanki, Allah ya jiƙansa, bai tambaye ni ba, don ni ma ɗan fari ne. Ina zaune zaure ina gyaran ƙotar fartanya, ya dubi ƙanensa Baba Sani ya ce, "Sani, yaron ga hutu anka ba su?"

Baba Sani ya ce, "Hutu ne, Yaya."

Kakanki ya ce, "Wanga hutu ya yi tsawo."

Iyakar maganar da aka yi kan karatuna ke nan. Shi yana jira in faɗa, ni ina jira a tambaye ni. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini shekara biyu ya hana a taɓa akwatin makarantata, ko gero ya hana a zuba ciki, wai ko zan koma.

Ɗiyata, in kin shiga aji kika ga ana magana kina jin ta kamar ruwa kan kwano, ki faɗa da wuri. Ki faɗa wa malama, ki faɗa wa shugabar makaranta, ki faɗa mini. Kunya tana da wurinta, gaban surukai da gaban manya. A cikin aji kuwa ba ta da kujera. Wadda ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, rana ɗaya za ta ji nauyi. Ni shekara goma sha bakwai ke nan ina jinsa.

Yanzu ga abin da idona ya gani, wanda ba za a rubuta miki a takardar shiga ba. Hutun nan da ya wuce an ɗauke mu gyaran bencina a makarantar da za ki. Kwana tara na yi ciki. Ban gaya wa kowa ɗiyata za ta zo nan ba, na dai buɗe ido.

Ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake. Wannan ba komai ba ne, hutu ake. Amma zanzaro ya yi gini cikin ramin makullin, ginin ya bushe, har 'ya'yan sun huda sun fita. Wannan ba aikin hutu ɗaya ba ne. Na leƙa ta taga, ga kwalabe a jere, ƙura ta rufe rubutun jikinsu. Ina cikin leƙe mai gadi ya iso, wani dattijo mai barkwanci.

"Kahinta, mi kaka nema? Ba benci nan ciki."

Na ce, "Baba, yaushe rabon a buɗe nan?"

"Tun da malamar nan ta tahi, mai haɗa ruwa ja ya koma shuɗi. Mutuniyar kudu ce. Da anka soma shari'a, danginta sunka dame ta da saƙo wai ta gudo. Wallahi ko kallon banza ba wanda ya yi mata. Ta kwashe kayanta tana kuka, yara na kuka."

"Ba a kawo wani ba?"

"An ce za a kawo."

"Yaushe aka ce?"

"Kullum ana cewa. Kai dai gyara bencinka."

Na ci gaba da jan shi da hira har na gane sauran. Mai koyar da fizis ɗan bautar ƙasa ne, ya kusa gama shekararsa. Malamin ilimin halittu mutumin Zurmi ne, ba ya fashi, yara na sonsa. Ajin at akwai malamai, amma a nan muka fi samun karyayyun bencina, don yara huɗu ke zama kan na mutum biyu, kin ga na baya ba su jin abin da ake faɗa. Ɗakin komas na ga injinan buga takarda a jere, na taɓa su ɗaya-ɗaya, uku ne haruffansu ke tashi. A ajin sayans na shekarar ƙarshe, can baya jikin bango, wata yarinya ta sa ƙusa ta rubuta kan benci: Ya Allah ka fitar da ni. Aikina ne in kankare irin wannan rubutu. Na kankare, amma sai da na fita waje na sha ruwa na zauna. Na san abin da ke sa a rubuta haka.

Ban ce ba za a kawo malamai ba. Jihar sabuwa ce, ana ta ɗaukar ma'aikata, watakila kafin ki isa an kawo. Abin da nake so ki yi shi ne ki duba da idonki. Ki je ki ga ramin makullin nan. Ki dubi ƙasan allon kowane aji, inda ake koyarwa garin alli na taruwa nan. Sannan ki nemi 'yan aji biyu da na uku, ki gaishe su da ladabi, ki roƙi littattafansu na kemistiri da fizis da sauran darussa. Kada ki dubi kyan rubutu, nawa ma yana da kyau. Ki nemi jan biro. Littafin da malami bai taɓa sa wa jan biro ba, babu malami a bayansa.

Kada kuma ki zaɓa da maganar majalisa. Ranar Alhamis in kasuwa ta ci, ƙofar shagona cika take, kowa ya san abin da ya dace da 'yar wani. Shekarar da aka ba mu jiha, magana ɗaya ake yi, a sa yara komas, Gusau na neman akawu ba iyaka. Ɗan Baba Sani ya bi wannan magana, shi da kansa ba ya son zaman ofis, yau kabu-kabu yake yi tsakanin Kaura da Banga. Yanzu da shari'a ta zo magana ta rabu biyu. Wasu na cewa Larabci da addini ne kaɗai za su yi kasuwa. Wasu na cewa tunda mata za su riƙa duba mata, duk yarinyar da ta yi sayans aiki na jiranta. Ni na yi murna da shari'a, ina cikin waɗanda suka hau bayan mota zuwa Gusau. Amma masu wannan hira ba wanda zai zauna miki a ɗakin jarabawa. In kin faɗi, su ne za su fara cewa da ma sun sani.

Yanzu na zo kan abin da ya sa ni rubutun nan, kuma laifina ne.

Kin tuna haihuwar Saratu. Tun hantsi muka kai mahaifiyarki asibiti, ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa ta yi tafiya, sai namiji. Mahaifiyarki ta ce ita ba namijin da zai duba ta, ta riƙe ƙarfen gado. Har la'asar muna roƙonta, jini na zuba. Allah ya kiyaye, ta yarda daga baya, aka samu kanta da na jaririya. Ina tsaye baranda, na ce da Gwaggonki, "Asabe, da a ce muna da tamu ɗiya cikin farar riga, da ba mu ga wagga rana ba." Ban lura kina bayana riƙe da filas ɗin ruwan zafi ba. Shekararki goma sha ɗaya.

Na manta da maganar. Makon jiya Gwaggonki ta zo kasuwa ta biyo ta shago, na ce mata, "Yarinyar ga ta ce wane aji za ta?"

Ta ce, "Sayans mana. Na ce mata ke da lissafi ke sa wa ciwon kai? Ta ce, 'Gwaggo, Yaya na son in zama likita. Ba sai ya faɗa mini ba, na ji shi.'"

Na ajiye zarto. Shekara huɗu kina ɗauke da magana ɗaya da na yi cikin firgita, wadda ma ba ke na yi wa ba. Uban da ba ya magana da ɗiyarsa, duk abin da ya faɗi daga bakinsa sai ta tsince ta ajiye kamar wasiyya. Ban yi wannan tunani ba sai yanzu.

To ki ji da kyau. Na janye wannan magana. Ba umarni ba ce, ba alkawari ba ne, ba kuma hakkina ba ne a wuyanki. In kin bar sayans ba ki saɓa mini ba, Allah shi ne shaida.

Ga kuma tsorona na ɗaya gefen, kada ki karanta wannan takarda ki ce Yaya ya hana sayans, ki sake bin bakina ta wata hanya. Ban hana ba. Zan gaya miki abin da na sani kawai. Ba lalacewa ƙofar ɗakin Gwaggonki ke yi duk ƙarshen zango ba. Ni ke zuwa da guduma in ce gyara na zo, ita kuma ta ajiye mini katin sakamakonki kan taga ta fita. Duka tara na karanta. Turanci da Larabci ba ki taɓa sauka daga sama ba. Lissafi yana hawa yana sauka, sau biyu na ga ja. Kimiyya kuwa na lura zangon da aka yi jikin mutum da tsirrai kin ci sosai, zangon da aka yi awo da ƙididdiga kin dawo tsakiya. Na kuma taɓa jin ki ta bayan zana kina koya wa yaran gida karatu, har da ɗan nan na Gwaggonki da ba ya zama wuri ɗaya, na ji shiru yana saurare. Abin da wannan ke nufi ban sani ba. Wanda ya tsaya aji huɗu bai isa ya yanke ba. Ki kai wa malamin nan mutumin Zurmi katinki na ƙarshe, ki tambaye shi gaskiya, mai irin wannan lissafi tana iya fita in babu malamin kemistiri? Ki dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa.

Akwai abu ɗaya da na yi ta juyawa ko in faɗa ko in bari, don ba na son ƙara miki kaya. Amma za ki ji shi a bakin wasu, gara ki ji a nawa. A gidanmu ba macen da ta taɓa wuce ƙaramar sakandare. Baba Sani ne babba yanzu, sai da na yi masa zuwa uku kafin ya ce, "To, a gwada da ita mu gani. In ta hito da abin kirki, sauran su bi." Bai faɗi sauran maganar ba, amma na ji ta. In kika yi shekara uku kika fito hannu wofi, Rabi da Saratu da 'yan matan gidansa firamare za su tsaya, kuma ba ni da bakin komawa. Ba sai kin zama likita ba. Abin da ake nema ki fito da takarda mai kyau a kowane gida ne. Shi ya sa nake tsoron gidan da za ki shiga don faranta mini, ki zauna baya jikin bango kina gyaɗa kai.

Ga yadda za mu yi. Ban sa hannu ba, ba zan kuma aiko da takardar a cike ko wofi ba. Ki tafi Lahadi. Ki yi kwana goma sha biyu kina dubawa, kina tambaya, ki yi istihara. Juma'a ta biyu, in Allah ya kai mu, bayan an sauko masallaci zan zo ƙofar makaranta da takardar. Ba Gwaggonki zan aiko ba, ba kuma zan tsaya ina tambayar mai gadi ko yarinyar lafiya take ba. Ke zan tambaya, da bakina. Na san zai yi mana nauyi mu duka biyu. Ki dubi ƙasa in kina so, ni ma watakila bangon zan duba. Amma ki gaya mini gidan da kika zaɓa, da abin da kika gani da ya sa kika zaɓe shi. In dalilin naki ne, ko wane gida ne, nan take zan ɗora takardar kan gwiwata in sa hannu. In na ji sunana ko na Hauwa'u a cikin dalilin, zan zauna nan bakin ƙofa ki koma ki sake tunani. Na saba jiran gam ya kama katako, jira ba ya damuna.

Ki riƙe salla kan lokacinta. Ki rufe akwatinki. Kada ki sha ruwan da ba ki ga inda aka ɗebo ba. Ki gaya wa Gwaggonki ku shiga motar safe, hanyar Zurmi ta ɓaci da ruwan bana, kuma kada ku yarda a sa ku bayan akori-kura.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya kare ki daga ciwo da muguwar ƙawa da mugun ji. Allah ya buɗe miki ƙirji ki gane karatu, ya nuna miki gidan da ya fi alheri, ya ba ki ƙarfin faɗinsa ko da ba shi kowa ke so ba. Ni kuma ki yafe mini shirun da na yi miki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bello Kafinta.